Masu Karanta Tufafi da Yatsa a Yauri

Rigar kanti takan zo da ɗan ƙyalle a wuya mai ɗauke da alamomi: baho na wanki, kusurwa uku ta bilic, dutsen guga da sauransu. Ƙungiyar GINETEX da aka kafa a Faris a 1963 ce ke kula da su. Ɗigo ɗaya a cikin dutsen guga na nufin kada zafi ya wuce digiri 120, biyu 160, uku 210. To amma babbar rigar da tela ya ɗinka a Yelwa ba ta zo da ko ɗaya ba. Haka rawanin hakimi, haka ja da koren dogarai, haka kayan da ake fita da su ranar bikin Rigata a bakin kogin Kwara. Duk abin da wancan ƙyalle zai faɗa, mai wanki da guga ne zai gano shi da kansa, kuma in ya kuskure, rigar mutum ta tafi ke nan.

Gwani ba ya gaggawar tsoma riga a ruwa. Zai murza ta tsakanin yatsu ya ji ko auduga ce zalla ko an gauraya ta da roba, domin mai roba narkewa take yi a zafin da auduga ke so. Sai ya jiƙa lungun da ba a gani, ya matsa a farin tsumma. In tsumman ya ɗauki launi, rigar mai zuba ce, ita kaɗai za a wanke ta, da ruwan sanyi, ba jiƙo. Wurin aiki kuwa, aska biyu ne ko aska takwas, nan ake sanin gwani. Zaren aiki da yadin riga ba su shan ruwa daidai, don haka ba a cuɗa wurin, ba a murɗe shi. A juya rigar bai-bai, a bi ta a hankali, a shanya a inuwa.

Ruwan ma sai an san shi. Kwara cika biyu take yi a wannan yanki. Ta damina tana zuwa da laka, ruwan ya yi fari-fari. Ta biyu kuwa, wadda ta taso tun daga Gini ta ratso Mali, sai da hunturu take isowa, kuma ta bar lakarta a hanya. Mai wankin da ya tashi a gaɓar kogi, a Yauri ne ko Warra ko Shanga, ya san farar shadda ba ta jituwa da ruwan damina. Sai ya ɗebo ya sa alif, ya bar shi ya kwanta, sannan ya tsiyaye na sama.

Abin da ya fi burge ni shi ne dawo da ƙyallin shadda. Wannan sheƙi, irin na shaddar Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, matsi ne na inji ya kwantar da zaren, ruwa kuma yana tayar da shi. Maganinsa sitaci na rogo, daidai gwargwado, sannan bugu. A ninke rigar da ɗan laima, a ɗora kan gungume mai santsi, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, wannan ya sauke mabugi wancan ya ɗaga, suna juya ninkin ba tare da ɗaya ya ce wa ɗaya uffan ba. Sitaci ya yi yawa, riga ta tsaya kamar kwali ta karye a ninki. Ya yi kaɗan, ta langaɓe tun kafin a isa fada.

Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana nan kudu tana ba da lantarki, amma dutsen gawayi bai yi murabus ba. Shi ba ya da maɓallin rage zafi. Da jiƙaƙƙen yatsa ake auna shi, a kuma hure toka a gefe, don tartsatsi ɗaya ya isa ya huda rigar kuɗi. Aikin wuya ta baya ake goge shi, da ƙyalle a tsakani, don kada zaren ya kwanta.

Akwai kuma rigar da gwani zai mayar ba tare da ya wanke ba, ko da kuɗinsa zai ragu. Zai duba wuya da hammata, ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan ba ta kai wanki ba. A shanya ta a inuwa ta sha iska, za ta ƙara hawa biyu."