Sharhi a kan Ƙagen Kalmomin William Barnes

A shekarar 1878 William Barnes, wani limamin kirista kuma mawaƙi na ƙasar Dorset a Ingila, ya buga littafinsa An Outline of English Speech-Craft. Ra'ayinsa shi ne Ingilishi ya cika aro daga Latin da harshen Girka, har talaka ba ya gane maganar masu ilmi. Saboda haka ya riƙa ƙaga kalmomi daga tushen tsohon Ingilishi. Nahawu ya kira shi speech-craft, watau sana'ar magana, ilmin tsirrai kuwa wortlore.

Niyyar kyakkyawa ce, kuma kalmomin ba su da wuyar fahimta. Amma kusan duk sun mutu. Me ya sa?

A ganinmu Barnes ya kuskure wajen gane abin da a ke kira giɓi. Kalmomin grammar da botany sun riga sun zauna a bakin mutane. Ba rami ya tarar ya cike ba, mai gida ya so ya kora.

A gwada shi da William Whewell na Jami'ar Cambridge. A 1833 babu sunan da ya haɗa masu binciken taurari da duwatsu da sinadarai gaba ɗaya, sai ya ƙaga scientist. A 1834 kuma ya ba Michael Faraday shawarar anode da cathode, gama Faraday na da abubuwa a hannu da ba su da suna. An daɗe ana ƙyamar scientist a Ingila, har T. H. Huxley ya kushe ta a 1894, amma bukata ta rinjayi ƙyama.

Sai dai a yi wa Barnes adalci, gama gane giɓi na da wuya. Charles Converse na Amurka ya ƙaga thon don ta tsaya wa namiji ko mace. Ta shiga ƙamus na Webster a 1934, aka cire ta a 1961. Masu nahawu ne kaɗai ke ganin giɓin, jama'a kuwa tun ƙarni na 14 su ke amfani da they a wannan gurbi.

Abin da malami zai riƙe ke nan. Kafin ya ƙaga kalma, ya fara sauraron yadda mutane ke faɗin abin a kasuwa. In sun riga sun yi masa suna, aikinsa kawai ya rubuta.