Jarumi Ya Tafi Misra, Ya Bar Dirki a Gida

Littafin yaƙi da soyayya yana da tsari guda wanda duk mai karatu a Kazaure ko Babura ya haddace. Akwai jarumi, akwai gimbiya, akwai wani takobi ko zobe ko kundin tsafi da aka binne shekara dubu a kogo, baƙin aljani na gadinsa. Sai an ɗauko shi za a ɗaura aure. Wannan ba laifi ba ne. Tun 1934, da Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman Ruwan Bagaja, Bahaushe ke son labarin tafiya neman abu mai wuyar samu. Abin haushin shi ne inda ake binne kayan: kullum Misra, kullum Birnin Sin, ko wani gari mai sunan da marubucin kansa kan manta kafin shafi na arba'in.

Alhali ga Dirki a gida. Tarihin Kano ya nuna wani abu ne da aka naɗe da fatu, sarakuna na yanka masa shanu don neman nasara. Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, ya gaji da yankan, ya sa aka fasa shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Aka yi masa gargaɗin cewa shi ma haka za a fitar da shi daga garin, kuma masu jihadi suka kore shi, aka kashe shi a Burumburum wajen 1807. Wa ya fara naɗe shi? Me fadawa suka sani suka yi shiru? Wace baiwa ce a cikin gida ta ga ranar da aka fasa? Ga asiri, ga addini, ga faɗuwar daula, amma jarumin yana can yana haƙa ƙarƙashin dalar Fir'auna. Tsumburbura ma, abar bautar da Barbushe kaɗai ke shiga wurinta a Dala, ta fi yawo a waƙa da wasan kwaikwayo.

Mutumin Kazaure ya fi kowa hujjar ƙorafi, domin garinsa na kan hanyar Kano zuwa Daura. Tafiya kaɗan ce zuwa rijiyar Kusugu, inda macijiya ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Labarin Bayajidda da ya kashe ta kuwa soyayya ce da kishi tsantsa: ya bar 'yar Sarkin Barno da ciki a Garun Gabas, a ƙasar Haɗeja, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya auri Daurama, ga kuma Bagwariya a gefe. Mata uku, makami ɗaya. Marubucin da ya tsallake wannan ya tafi neman gimbiyar Hindu, ya bar jaki yana dukan taiki. Duwatsun Kazaure da Roni, da fagagen da Ɗantunku na Kazaure ya gwabza da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan 1819, sun ishi kowane kogo da kowane yaƙi.

Marubutan na da uzuri, a gaskiya. Wanda ya taɓa bori ko gunkin kakanni a gida yana tsoron a ce yana raya shirka, kuma ba a manta da ƙona littattafai da aka yi a Kano a 2007 ba. Boka a Misra ba shi da jika da zai kai ƙara fada. Sai dai uzurin bai kai Dirki ba, tunda abin da aka tarar a cikinsa Alƙur'ani ne.

Dole kuma a sallama musu abu ɗaya: sun iya riƙe mai karatu. Budurwa a Gwiwa kan ƙarar da cajin wayarta a kan jarumin da ba ta san ƙasarsa ba, ta kwana da haushin an tsaya daidai bakin kogo, an ce a nemi littafi na biyu.