Makaɗi da Mutanensa: Sharhi a kan Yadda Ɗan Anace Ya Riƙe Masu Saurarensa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Horo Birni, cikin ƙasar Shagari, aka yi bikin wani ɗan'uwanmu. An ɗauko mai na'urar kiɗa daga Boɗinga, ya kwana yana sakin waƙoƙin zamani, samari suna ta rawa. Akwai wata waƙa da suka sa aka maimaita har sau uku, amma da na tambaye su sunan mawaƙin, ba wanda ya iya faɗa mini. Washegari da hantsi sai na tarar da kawuna, wanda tsohon mahauci ne, zaune a zaure ya kara 'yar rediyonsa mai katin memori a kunne, yana sauraren Ɗan Anace. Ya san inda makaɗin zai tsaya, ya san inda 'yan amshi za su karɓa, har yakan riga su. Na ce, "Kawu, har yanzu waƙar nan ba ta gundure ka ba?" Ya ce, "Ɗana, wanga mutum ya san mu. Ƙaƙa za ni gajiya da wanda yas san ni?"

Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya rasu tun 1986, Allah ya jiƙansa. Manufar wannan ɗan taƙaitaccen sharhi ita ce a duba abin da ya sa makaɗin da ya daɗe da barin duniya yake da mutanen da ba su sake shi ba, alhali mawaƙin da aka kwana ana rawa da waƙarsa ko sunansa ba a riƙe ba. A ganina amsar tana cikin maganar kawuna: makaɗi yakan sami masoya na dindindin ne in ya zaɓi mutanensa, ya san su, ya sa rayuwarsu a cikin waƙarsa.

Makaɗi da Ubangida

In mai karatu ya duba yadda masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka rarraba makaɗan baka, zai ga cewa yawanci da masu saurare ake yin rabon: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza, makaɗan jama'a. Wato tun asali Bahaushe da mutanensa yake sanin makaɗi. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Irin waɗannan ba su da wahalar neman masu saurare, domin ubangida guda ya ɗauki nauyin ci da sha da sutura da doki, su kuma suka ɗauki nauyin yabonsa da zambo ga abokan hamayyarsa. Duk mai son sarki ya so makaɗinsa.

Amma Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, ba shi da wannan inuwa. Da kalangunsa ya fita fagen dambe, inda masu kyauta mahauta ne da manoma da 'yan kasuwa, ba kuma wanda aka tilasta wa ya ba shi ko anini. Saboda haka wurinsa ne ya fi dacewa a koyi yadda ake tara mutane, a kuma riƙe su.

Dabarun Ɗan Anace

Dabara ta farko ita ce tsayawa wuri guda. Ko da yake ya yi wa manoma da masu sarauta da attajirai waƙa, dambe ne turkensa, da shi aka san shi. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ɗan dambe ya san cewa wannan makaɗi nasa ne, ba aro ya yi daga fada ba.

Ta biyu ita ce sanin mutane. Wanda ya saurari waƙar Shago da kunnen basira zai ji cewa ba yabo kurum ake yi ba, tarihi ake ajiyewa: sunayen mazajen da aka kara da su, da garuruwan da aka je, da wanda ya tsaya da wanda ya faɗi. Dambe kuwa sana'a ce da ba ta da marubuta. Ƙarfin ɗan dambe 'yan shekaru ne, in ya tsufa sai ya koma kan teburin nama, ba wanda ya san abin da hannunsa ya yi. Makaɗi ne kaɗai littafinsa. Wanda ya ajiye maka sunanka kuwa, kai da ɗiyanka ba ku mantawa da shi.

Ta uku ita ce harshe. Ɗan Anace bai gyara Sakkwatancinsa don ya burge mutanen Kano ko Kaduna ba. Bugu da ƙari, ya faɗi abin da ke zuciyar ɗan dambe wanda shi kansa ba ya iya faɗa, wato tsoro. Yawan ambaton mutuwa da ke cikin waƙoƙinsa ba don ya karya wa gwaninsa zuciya ba ne. Nuna masa yake yi cewa tun da ba a tsere mata, gudu a fage ba shi da amfani. Wannan magana ta wuce dambe, ta shafi manomin da damina ta yi wa gardama da falken da ya yi hasara. Shi ya sa wanda bai taɓa ɗaura zare a hannu ba ma yake jin waƙar tasa ce.

Ta huɗu ita ce haɗuwa ido da ido. Dambe wasan kaka ne, in an kawar da amfanin gona sai a shiga gari gari. Makaɗi yana ganin wanda ya yi masa kyauta, ya ambace shi nan take, baɗi kuma in an dawo ya tuna da shi. Faifai da kaset da gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da Rima Rediyo sun kai muryarsa nesa, amma sun tarar da an riga an yi shuka, yaɗawa kurum suka yi.

Inda Gizo ke Saƙar

Kada mai karatu ya ɗauka yabo na zo yi kawai. Riƙon mutane yana da tsada, domin makaɗin da ya jingina da rukuni guda ba ya iya gaya musu laifinsu. Aikin makaɗin dambe zuga ne, zuga kuwa ta sa samari da yawa sun bar fage da karaya ko tabon da ba ya gogewa, makaɗi kuma ya tafi da kyautarsa. Muhammadu Gambo, wanda ya yi wa ɓarayi waƙa, shi ma ya sami mutanen da suka riƙe shi ƙam. Ashe amanar masu saurare ba ita ce shaidar cewa abin da ake faɗa alheri ne ba. Mai nazari dole ya tambayi abu biyu: su wa makaɗi ya riƙe, kuma da me ya riƙe su?

Mawaƙan Yau

A yau mawaƙi yakan shiga sutudiyo shi kaɗai, ya fito ya ɗora waƙarsa a YouTube ko TikTok, ya zauna yana ƙidayar waɗanda suka kalla. Ƙidayar ba ta gaya masa ko mutum guda ya san sunansa. Ko a Amurka an lura da wannan. A 2008 wani marubuci mai suna Kevin Kelly ya kawo ra'ayin cewa masoya na gaskiya 1,000, masu sayen duk abin da mai fasaha ya fitar, sun ishe shi rayuwa. Makaɗanmu na fage sun yi aiki da wannan hikima tun kafin a rubuta ta.

An gwada irin haka a nan gida. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi masoya Shugaba Muhammadu Buhari kowa ya aiko da Naira 1,000 kafin ya saki sabuwar waƙa, jama'a kuwa suka aika. To amma wa suka biya, mawaƙin ko gwaninsu? Wannan ya fi kama da tsarin fada, inda son ubangida ke jawo wa makaɗi kyauta, sai dai kujerar siyasa wa'adi gare ta. Aminu Ala kuwa, wanda ya yi wa jami'a da ɗalibai da harshen Hausa waƙa, ya fi kusa da tafarkin Ɗan Anace, domin ya zaɓi mutanensa, su ma sun san da su yake.

Kammalawa

A cikin wannan ƙungiya tamu akwai masu sha'awar waƙa, wasu har sun fara shiga sutudiyo da kuɗin guzurinsu. Shawarata gare su ita ce, kafin su tambayi mutum nawa suka ji su, su fara tambayar kansu: su wane ne mutanena? Masu noman albasa da masu kabu-kabu da 'yan mata masu talla suna nan ba wanda ya ajiye musu tarihinsu. Mu kuma manazarta, tsofaffi irin kawuna suna ƙarewa, kuma a kansu ne bayanin sunayen da ke cikin waƙoƙin nan yake. In ba mu je da alƙalami mun tambaye su ba, za a wayi gari muna da muryar Ɗan Anace, amma ba mu san mutanensa ba. Wannan shi ne ɗan abin da na hango, inda na yi kuskure malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su gyara mini. Allah ya sa mu dace.