Biranen da ba a taɓa ginawa ba: fada ta yi yawa, kasuwa ta yi kaɗan

Wani yayi ya kama masu zane a intanet. Sai a karkatar da tarihi, a ce da daular Rum ba ta faɗi ba, ko da Turawa ba su taɓa mulkar Afirka ba, sannan a zana babban birnin ƙasar da za ta fito. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka sauƙaƙa aikin, hotunan sun cika YouTube da Instagram. Amma wanda ya kalli goma, ɗaya ya gani: ƙatuwar ƙubba, titi miƙaƙƙe mai faɗin filin idi, ba mai talla, ba mai shara.

Wannan birni yana da uba, ko masu zanen sun sani ko ba su sani ba. A 1937 Hitler ya ɗora wa Albert Speer aikin sake fasalin Berlin ta zama Germania, da zauren taro mai tsayin mita 290 wanda zai ɗauki mutum 180,000. Sai ƙasa ta ƙi ba da haɗin kai, domin Berlin a kan yashi da fadama take. A 1941 aka kafa dunƙulen kankare mai nauyin tan 12,650 a unguwar Tempelhof don a gwada ko ƙasar za ta ɗauki kayan. Dunƙulen ya nutse kusan santimita 19, kuma har yau yana nan, ya fi ƙarfin a rushe shi a tsakiyar gidajen jama'a.

Robert Harris ya gina Germania a littafinsa Fatherland na 1992, inda ɗan sanda ke zagaya ta da ɗansa a motar 'yan yawon buɗe ido a shekarar 1964. Don ya tsorata mai karatu ya gina ta. Masu zanen yau sun ɗauki ƙubbar, sun bar tsoron.

Hannah Beachler ta bi wata hanya a fim ɗin Black Panther na 2018. Kafin ta tsara Birnin Zana, hedkwatar Wakanda, ƙasar almara ta fim ɗin (kunnen Bahaushe ba zai wuce rabin farko na sunan ba), sai da ta haɗa kundi mai shafi kusan 500 a kan tarihi da al'adun ƙasar. Dogayen benayenta suna da itatuwa da suka leƙo daga bango irin na masallatan Timbuktu. Amma abin da ya sa birnin ya zauna a zuciya shi ne wani layi mai cunkoso inda sarki ke tafiya a ƙafa tsakanin 'yan tireda da masu abinci. Beachler ta ci kyautar Oscar a 2019, kuma ta cancanta.

Biranen gaske ma sun nuna inda gizo ke saƙa. An buɗe Brasília a 1960, leburorin da suka gina ta suka ƙare a garuruwan gefe. Abuja, wadda gwamnati ta tare a cikinta a Disambar 1991, kullum da asuba daga Nyanya da Mararaba da Kubwa take ɗebo ma'aikatanta.

Don haka mai son zana Kano wadda Ingila ba ta ci a 1903 ba, kada ya fara da liƙa zanko a kan bene mai hawa ɗari. Ya fara da tambayar jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. In bai zo ba, babu dalar gyaɗa, babu Sabon Gari yadda aka san shi, kuma fuskar birnin tana arewa, wajen ayarin Agadas da Turabulus. Zangon raƙuma zai ci fili fiye da tasha, kasuwar Kurmi za ta ci gaba da riƙe ragamar ciniki, kuma dole mai zanen ya nuna inda ruwan marinar Ƙofar Mata zai bi ya fita daga ganuwa.