Jinjina ga Masu Gyaran Takalmi

Mai gyaran takalmi ba ya bukatar ka yi masa dogon bayani. Da ya juya takalmin ya ga inda fatar ta tasa a gefen babban yatsa, ya san nan ne yake cin ka. Sai ya jiƙa wurin, ya cusa itacen da aka sassaƙa da siffar ƙafa, ya bar shi ya kwana. Washegari takalmin ya saki. Dukawan Kano, irin na Ƙofar Wambai, sun fi kowa iya wannan, don fata suka gada. Takalmin roba kuwa, gaskiya zai gaya maka, ba ya buɗewa.

Matsin takalmi ne ke kawo bororo da kanta, yana kuma tsananta kumburin gindin babban yatsa, musamman mai tsinin baki da mata ke so ranar biki. Shi ya sa gwani zai ce, "Hajiya, ki riƙa auna takalmi da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ki bar wa yatsu fili." Ƙashin da ya riga ya karkace dai aikin likita ne. Mai ciwon suga ma asibiti zai nufa, kada ya sa wa kantar ƙafarsa reza.