Ƙosan Mushe da Ƙashin Sambol

Hutun da ya wuce na je gaida tsohon mushenmu na CP, wanda yanzu ya ajiye aiki. Muna shan shayi ya faɗa mini aƙidar da ya riƙe tsawon aikinsa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma malamin da ke son yaro ba ya barinsa ya yi Hausa cikin lakwal. Kunya ta hana ni yi masa gardama. A nan zan yi ta.

Gaskiya mutumen nan ya so mu. Da kuɗinsa yake sayen alli. In yaro ya kwana biyu bai zo ba, da ƙafa yake zuwa gidansu. Ranar da ya gane ban karya ba, aikawa ya yi aka sayo mini ƙosai.

Amma shi ɗin ne ke rataya mana sambol, ƙashin nan da aka ɗaure da igiya. Wanda Hausa ta kuɓuce masa, sai a wuyansa. Daga nan ya dinga kasa kunne ya kama wani, don wanda ya tashi da shi da marece shi ke shan bulala. To me muka koya? Shiru da tona asirin juna. Wanda bai gane darasi ba ma ba shi da bakin tambaya.

Ku duba abin ta fuskar ilimin harshe. Koyon karatu shi ne haɗa harafi da sautin da kunne ya saba da shi. Rubuta wa ɗan shekara bakwai "ruwa": haruffa huɗu, kowanne da sautinsa, kuma ya san abin tun yana goye. Rubuta masa "eau": haruffa uku, a karanta su "o", kuma babu "o" a cikinsu. Kaya biyu ke nan aka aza masa lokaci guda, baƙon harshe da karatu. In ya kasa, a ce daƙiƙi ne.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da harsunanmu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram.

Hujjar mushe ita ce jarrabawa da faransanci ake yin ta. Haka ne, ba mu musa ba. Amma yaron da ya iya karatu da harshensa, faransancin kaɗai ya rage masa ya koya.

Ƴan uwa, da yawanmu aji za mu shiga bayan jami'a, ko muna so ko ba ma so. Mu gaji ƙosan mushe da zuwansa gidajen yara. Ƙashin kuwa, mu bar shi inda ya ajiye shi.