Adon Biki a Damargu: Daga Jeren Ɗaki Zuwa Furen Roba

Wanda ya halarci shagalin aure a Tanut ko Belbeji, a ƙasar Damargu ta Nijar, a shekarun nan ya ga wani sabon abu ya shigo fagen biki. Bayan tabarmi da kujerun haya, ana kafa wa amarya da ango mazauni na musamman. A rataya labule mai sheƙi a bayansu, a kafa ƙarfen da aka tanƙwara, a lulluɓe shi da furannin roba, a zagaye shi da ƙananan fitilu. Masu wannan aiki yawanci matasa ne, maza da mata, kuma babban malaminsu shi ne wayar hannu. Sana'a ce da ta riga ta kafu, ana biyanta kuɗi, amma har yanzu ba a zauna an tambayi yadda ya kamata a koyar da ita ba. Abin da wannan nazari ke son tabbatarwa shi ne, Damargu tana da tushen wannan ilimi tun kaka da kakanni, kuma duk koyarwar da za ta yi albarka a nan daga wannan tushe za ta faro.

Ƙasa da furenta

A wasu ƙasashe shirya furanni ilimi ne mai makaranta da takardar shaida. A Japan, gidan Ikenobo na birnin Kyoto ya haura shekara 500 yana koyar da wannan fasaha. A ƙasar Holand, kasuwar Aalsmeer da ke kusa da Amsterdam na gwanjon furannin da jirage ke kwasowa daga gonakin gaɓar tafkin Naivasha na Kenya da kuma Habasha. Duk wannan ciniki ya dogara ne ga abu biyu, wato ruwa mai yawa da sanyin da ba ya yankewa daga gona har zauren biki.

Damargu ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Tanut na kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, kuma Belbeji, wadda aka yanke daga jikinta ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana yamma da ita wajen kwarin Tarka. Ruwan damina kan sauka ne tsakanin Yuli da Satumba, ba kasafai yake wuce milimita 300 ba. A bazara zafi kan haura digiri 40. Furen wardi da aka yanko ba zai kai azahar a irin wannan yanayi ba tare da ya langaɓe ba, kuma ruwan da zai raya shi ruwan da mutane da dabbobi ke layi a kansa ne. Saboda haka duk wanda ya ɗauko manhajar koyar da furanni ta Turai ya shimfiɗa ta a Tanut, ya koyar da sana'ar da ba ta da kayan aiki.

Masanin al'adu ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi a 1993 a kan matsayin fure a al'adun duniya. A ciki ya nuna cewa Afirka ta kudu da Sahara ba ta ba fure babban matsayi a bukukuwa da ibada ba, ya kuma danganta hakan da tsarin noma da na zaman jama'a. Idan yankakken fure a cikin tulu ake nufi, maganarsa tana kan hanya. Sai dai fasahar mai shirya furanni ba ta tsaya ga furen kansa ba. Jigonta shi ne sanin launin da ke zama da ɗan'uwansa, da sanin tsawo da faɗi, da inda ido zai fara sauka, da inda za a bar sarari. Wannan ilimi kuwa matan Damargu sun daɗe da shi.

Makarantar da ke cikin gida

Babban misali shi ne jere. Kafin a kai amarya, gwaggwanni da yayye da maƙwabta kan taru a ɗakinta su shirya kayan da iyaye suka tanada. A da ƙorai ne da tukwane, daga baya aka koma tasoshi da langa da kwanukan sha masu zanen fure, yanzu kuma ga kabad da tangaran da kuloli. A kowace unguwa akan sami wadda aka sani da iya jere, wadda sai ta iso ake ɗora kwano na farko. Ita ke cewa manya su zauna ƙasa, ƙanana su hau sama, ja kada ya taru wuri guda, dama ta yi daidai da hagu. Ba ta da awo a hannu, amma Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ƴanmatan da ke miƙo mata kaya suna kallon hannunta, kuma a nan ake ɗaukar darasi.

Jere ba ƙawa kawai ba ce. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maradi, ta nuna yadda kayan ɗaki suke zama ajiyar dukiyar mace, da shaidar yawan mutanen da suka tsaya mata. Duk kwanon da ke bango yana da wadda ta kawo shi gudummawa. Wannan ne ya sa jere yake da ma'ana: wanda ya shiga ɗakin yana iya karanta dangin amarya da zumuncin uwarta.

Damargu mahaɗa ce, don haka makarantar tana da rassa. Matan Fulanin Woɗaaɓe suna baje ƙoransu masu sassaƙa a kan gadon kara lokacin taron dangi, kowace tana nuna gwanintarta. Matan Abzinawa sun shahara da aikin fata mai tuntaye da tabarmin shinge da ake ƙawata bukka da su. Barebari sun kawo turaren wuta da humra, waɗanda ke cike gurbin ƙamshin da fure ke bayarwa a wasu ƙasashe. A tsangaya kuma akwai zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani, fasaha ce mai ƙa'ida da ake koya a gaban malami. Sannan ga lalle, inda fure ya fito fili. Daga ƙunshin zunguru aka zo na salatif, aka zo zanen hannu mai ganye da reshe da toho. Mai lalle a yau ita ce ta fi kowa kusa da mai shirya furanni, domin aikinta ke nan kullum, ta tsara fure a wuri ƙayyadadde yadda zai dace da jikin mai shi.

Sabon ado da rauninsa

Shigowar kayan ado daga nesa ba baƙon abu ba ne a nan. Damargu tana kan hanyar ayarin da ya haɗa Kano da Damagaram da Agadas da Tarabulus. A Tagelal ta Damargu ne matafiyin nan Heinrich Barth ya rabu da jagoran tafiyarsu James Richardson a Janairun 1851. A ƙarshen wancan ƙarni ƙasar na sayar da gero ga Abzin, tana kuma fitar da gashin jimina da ake ƙawata hulunan matan Turai da shi, har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin hamada ya durƙushe. Wato an yi zamanin da Damargu take sayar wa duniya kayan ado. Yau kusan duk abin da ke kan mazaunin amarya sayowa ake yi.

Furannin roba da labule da balan-balan galibi daga masana'antun Sin suke fitowa, su bi ta kasuwannin Kano ko Maradi, su sauka kasuwar Dole ta Damagaram, sannan su hau motar Tanut. Suna da amfaninsu, kuma adalci ne a faɗe shi. Ba sa bushewa, ana wanke su a sake amfani da su, kuma sun ba matashi mai ƙaramin jari damar fara sana'a. Amma raunin sabon adon a fili yake.

Na farko, kwaikwayo ya yi yawa. Hoton da aka ɗauka a wani zauren Kano ko Yamai shi ake ƙoƙarin maimaitawa a tsakar gida mai rairayi, inda iskar hunturu ke kaɗa labule, ƙura ta dusashe farin yadi kafin baƙi su zauna. Na biyu, adon ba ya faɗin komai game da masu bikin. Mazaunin da aka kafa wa ɗiyar manomi a Gangara shi ne aka kafa wa ɗiyar makiyayi a Tenhiya. Na uku, sana'ar tana rataye da kan iyaka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023, duk mai sana'ar da kayansa ke zuwa daga kudu ya ji a jikinsa. Na huɗu shi ne shara. Nijar ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun 2014, kuma a ƙasar kiwo kowa ya san abin da roba ke yi wa cikin akuya da saniya. A Ingila ma babbar ƙungiyar masu lambu ta hana amfani da soson roba da ake soke furanni a ciki a bajekolinta tun daga 2021.

Abin da ya kamata a koyar

Nijar tana da hanyar koyar da sana'a da ta isa ƙananan hukumomi, wato cibiyoyin CFM, inda ake koyon ɗinki da kafinta da walda da lantarki. Akwai kuma asusun FAFPA da ke tallafa wa gajeren horo da koyon aiki a hannun masu sana'a. Waɗannan fannoni su ne ainihin gaɓoɓin adon biki: tela ke ɗinka labule, mai walda ke tanƙwara ƙarfe, mai lantarki ke jan waya. Abin da ya rage shi ne darasin da zai haɗa su, kuma ina ganin ya kamata ya tsaya a kan ƙafa huɗu.

Ta farko ita ce ido. A gayyato gwanayen jere da masu lalle da masu zayyana su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Su ne za su nuna wa ɗalibi daidaito da haɗin launi da dalilin da ya sa ake barin sarari.

Ta biyu ita ce sanin tsirran ƙasa. Kariya tana jure fari, tana fitar da fure ja-ja a tsakiyar rani, kuma masu lambu a Tailan sun mayar da ita hajar da suke sayarwa a duniya. Ana iya rainonta a tukunya a riƙa ba da ita haya, ta je biki ta dawo da ranta. Bagaruwa tana da furenta rawaya mai ƙamshi, lalle da zogale ma suna da fure mai ƙamshi. Ga busassun kaya da ba sa tsoron rana: zangarniyar gero, kan dawa, ciyawar gamba, kabar goriba, jan soɓorodo, ƙwarya da faifai. A shekarun nan masu adon biki a Turai da Amurka suna sayen busassun ciyayi da tsada, alhali Damargu tana da irinsu a bakin kowace gona.

Ta uku ita ce kiyaye lafiya. Ruwan kariya guba ne, na tumfafiya yana cutar da ido, baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu, kuma wayar wuta kusa da yadin roba hatsari ce a taron mata da yara. Wanda ya koya daga hoto ba zai san waɗannan ba.

Ta huɗu ita ce lissafi. Ɗalibi ya san yadda ake yanke farashi a sa kuɗin mota da ladan yara da lalacewar kaya, ya karɓi kafin alƙalami, ya rubuta yarjejeniya, ya san inda zai adana kaya daga gara da ƙura. Sana'o'i da yawa na matasa suna mutuwa ne a kan bashin dangi, da kunyar tambayar haƙƙi.

Ko akwai abinci a cikinta?

Akwai, amma ya kamata a gaya wa matasa gaskiya. Aure a Damargu yana bin kaka da watannin gabanin azumi, kuma shekarar da damina ta ƙi, biki yakan ƙanƙance. Wanda ya dogara ga mazaunin amarya kaɗai zai yi watanni hannu rabbana. Mai dabara yakan haɗa da suna da walimar sauka da tarbar alhazai, da tarukan hukuma irin na ranar mata ta 13 ga Mayu, da 3 ga Agusta ranar ƴancin kai da dashen itace, da 18 ga Disamba ranar jamhuriya. Yakan kuma haɗa da hayar kujeru da rumfa, ko ɗinki, ko rainon tsirrai. Ga mata, musamman waɗanda ba sa fita sosai, saƙa da rini da haɗa busassun kaya aiki ne na cikin gida, kuma adashi na iya zama jarin farko. Wadda ta gwanance tana da bajekolin SAFEM na Yamai da za ta kai hajarta.

Akwai masu cewa ƙasar da ta ga yunwar 2005 ba ta da lokacin zancen ado, kuma malamai suna yawan gargaɗi a kan almubazzaranci da bashin biki. Gargaɗin gaskiya ne, na kuma yarda da shi. Amma mutanen Damargu ba su taɓa daina ƙawata ranar farin cikinsu ba, ko a shekarun ƙunci, kuma ba za su daina ba. Kuɗin ana kashe shi. Tambayar ita ce aljihun da yake faɗawa. Idan adon ya kasance na kaba da ƙwarya da gero da tukunyar kariya, kuɗin zai tsaya hannun masaƙiyar faifai da mai sassaƙa da mai gini da tela na cikin gari, kuma farashin zai sauko yadda talaka zai iya ba tare da ya sayar da tunkiyarsa ba.

Kammalawa

Furen roba ba zai ɓace ba, ba kuma dole ne ya ɓace ba. Abin da ake buƙata shi ne mai ado wanda ya san abin da yake yi, wanda zai iya duban gida da yanayi da aljihun mai biki ya tsara abin da ya dace da su. Irin wannan gwani sai an koyar da shi. Hukumomin Tanut da Tarka da Olelewa da Gangara da Falanko da Tenhiya, tare da shugabannin cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin mata, suna iya farawa da abu mai sauƙi: su tantance gwanayen jere da lalle da saƙa da ke yankunansu, su haɗa su da matasan da suka riga suka shiga harkar, su buɗe gajeren horo bayan kaka lokacin da kayan aiki suke a yalwace. Yawancin waɗannan gwanaye dattijai ne, kuma iliminsu ba a rubuce yake ba. Duk shekarar da aka jinkirta, akwai abin da za a rasa wanda ba za a same shi a wata kasuwa ba.